Yajin Sarkin Fawa

Shekara goma sha tara na yi ina karanta labaran duniya a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, amma wallahi ko albasa ban iya yankawa ba sai da aka rage ma'aikata, guguwar ta haɗa da ni. Ina zaune a gida a Laurel, kusa da Washington, na ishi matata ta ishe ni, sai ga Baharudeen ya buga ƙofa.

Baharudeen ɗan zangon Kumasi ne a ƙasar Gana, mahauci ɗan mahauci, aminina tun daga sahun masallaci. Sarkin Fawa nake ce masa don tsokana, shi kuma Mai Labarai yake kirana, ko sau ɗaya ban taɓa jin ya kira sunana Gaji ba.

"Mai Labarai, tashi," in ji shi. "Bakin nan naka ba zai tafi a banza ba. Ni in riƙe wuta, kai ka riƙe mutane."

Haka muka buɗe ɗan shagonmu a Landover, tsakanin wani mai aski da gidan wanki. Tsire, balangu, gasasshiyar kaza. Mutanen Gana su shigo suna neman cincinga, namu su ce tsire, nama dai ɗaya ne. Ni ne a bakin kanta ina zuba surutu, shi yana ciki yana juya nama. Amma kada in yaudare ku, ba surutuna ke kawo mutum daga Baltimore cikin cunkoson yamma ba. Yajin ne. Yajin nan in ya sauka a harshe sai ya yi kamar ba ruwansa, sai ka haɗiye sannan ya taso maka ta hanci da wani ƙamshi, kafin ka ankara hannunka ya koma takardar naman. Gidaje biyu ke ci a kan yajin nan, nasa da nawa.

Juma'ar farko ta kowane wata yake haɗa shi, da safe, a ɗakin baya, ƙofa a rufe. Daga mahaifinsa ya gada, shi kaɗai a cikin 'ya'yan gidan. Wata Juma'a, a shekararmu ta farko, sai ya buɗe ƙofar ya leƙo, hannunsa ja wur.

"Shigo ka gani mana, ko don wata rana."

To, ga inda na kashe kaina. Mu a Kano in an yi maka tayin abinci, ba ka zabura ka wanke hannu. Ka ce alhamdu lillahi. A sake, ka ce ka ƙoshi. Sai an haɗa ka da Allah sannan ka matso. Haka aka tarbiyyantar da ni, balle abin da aka yi mini tayi ba tuwo ba ne, sirrin gidan mutum ne. Sai na dafe ƙirji na ce, "Haba Sarkin Fawa, gadon gidanku ne. Ni ɗan malamai, ina ni ina sirrin fawa? Allah ya bar ka da abinka."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran tayi na biyu. Mutumin nan ya dube ni, ya ce, "To, shi ke nan," ya tura ƙyaure. Shi a wurinsa magana ta ƙare, ya ɗauka girmama shi na yi. Ni kuma kunya ta hana in ce wasa nake. Shekara shida, bai sake tayawa ba, ban tambaya ba.

Wata Talata da rana tsaka yana juya balangu, sai na ji ƙarfe ya faɗi. Na leƙa na same shi a ƙasa, bakinsa ya karkace, yana kallona kamar yana so ya ba ni haƙuri. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Bayan sati uku a asibiti aka mayar da shi wani gidan jinya a Silver Spring.

Gashin nama na iya, shekara shida ina kallo. Amma ranar da na buɗe bokitin yaji na ga ya kusa rabi, na san akwai matsala. Na kira matarsa Mansuratu.

"Maman Samiha, don Allah ko ya taɓa gaya miki abin da yake sawa?"

"Malam, ni da nake matarsa ko daka bai taɓa ba ni ba," in ji ta. "Cewa yake ya yi maka tayi ka ƙi. Har yabonka yake, wai kai mutum ne mai kara."

Kara! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na fara zarya zuwa Silver Spring kowane hantsi kafin in buɗe shago. Da farko sunaye na riƙa kira masa. Akwai kimba? Ya gyaɗa kai. Kashegari na sake tambaya, ya girgiza. Glory, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, ta ce ciwon ya hargitsa masa sunayen abubuwa da lambobi, kada in matsa masa. Sai na kwaso kayan da kansu na shimfiɗa masa a tire: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, masoro, kanumfari, kimba, tafarnuwa. Ya nuna su da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya. To, waɗannan ai ko matata ta san su. Awon nake nema, shi kuwa bai taɓa awo da cokali ba. Awon yana cikin hannunsa na dama, hannun kuma yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba.

Na ce to, in baki ya manta, harshe ba ya mantuwa. Na riƙa haɗa nawa a ɗakin baya, in ƙulla a leda, in je in ɗiga masa kaɗan a harshe. Da na ɗiga masa haɗin farko, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a hankali. Na ce a ƙara citta? Ya gyaɗa. Na koma na ƙara. Haka muka yi sati huɗu, ina rubuta komai a littafi kamar mai ɗauko rahoto. Ranar da na kai haɗi na tara, ya gyaɗa kai har sau uku, ya ɗaga mini babban yatsa. Wallahi a mota na yi ta kabbara ni kaɗai har Landover.

A lokacin, duk da tsimin da nake yi, saura abin da bai fi 'yan cokula ba a bokitinsa. Na juye shi a kwalba na ɓoye, na fito da nawa.

Kambai ne ya fara ci. Mai gadi ne a wani sito a Laurel, ɗan kudancin Kaduna, ba ya fashin Asabar, kuma bakinsa ba linzami. Ya tauna yanka ɗaya, ya ajiye tsinken.

"Oga Gaji, wannan ba shi ba ne."

"Shi ne mana! Mai shi da kansa ya ɗanɗana ya amince."

"Ka yi haƙuri, amma ba shi ba ne. Wannan ai ko a tashar motar Kawo zan samu."

Na hau shi da faɗa, na ce taba ta kashe masa harshe. Ya biya ya fita. Bayan ya tafi na lakaci nawa, na buɗe kwalbar na lakaci na Baharudeen. Ko kusa. Na sani tun kafin in ɗanɗana, ƙin sani kawai nake yi. Cikin sati biyu mutanen Baltimore suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya zage ni, sai dai su tambayi mai jiki, su yi addu'a, su sayi kaɗan don kunya, ba sa dawowa.

Na koma gidan jinyar da leda biyu, ɗaya sauran yajinsa kaf da ke kwalba, ɗaya nawa, in sa ya bambance mini. Ina kwance ƙulli Glory ta shigo da magani. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ja ni waje.

"Baba, na ɗauka wani maganinku ne na gida kake ba shi, shi ya sa na kawar da kai, tunda kaɗan ne. Ɗanɗano kake so ya yi maka?"

Na ce e.

"Ai ba ya jin ɗanɗano. Ƙamshi ma haka. Tun daga asibiti yake a rubuce a takardarsa. Sukari da gishiri duk ɗaya ne a bakinsa."

Na jingina da bango. Sati huɗu! Haɗi tara, littafi guda cike da rubutu.

Na koma ciki na zauna a gefen gadon. Raina a ɓace yake, ban san da wa nake fushi ba.

"Sarkin Fawa, gaskiya ne ba ka jin komai a harshenka?"

Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya gyaɗa kai.

"Tun ranar farko?"

Ya gyaɗa.

"To don me, ɗan'uwana? Don me ka bar ni ina ta hauka?"

Ya miƙo hannun hagu ya kama nawa, ya matse, hawaye na gangara masa ta ɓarin fuskar da ke motsi. Nan na gane. Ganina yake kullum ina shigowa da ƙullin leda da fuskar mai neman ceto, ya kasa ce mini a'a. Kara ya yi mini. Abin da na yi masa a bakin ƙofa shekara shida da suka wuce, shi ya mayar mini.

Na ɗauko ledar yajinsa na riƙe a tafin hannuna. Bai fi cokali uku ba, kuma ba sauran wani a duniya.

"Ranar nan da ka buɗe ƙofa," na ce, "wallahi so nake in shigo. Jira nake ka sake cewa."

Ya dube ni, bakinsa ya motsa, ya sake motsawa, wuyansa ya ɗaure don ƙoƙari. Na matso da kunnena, na jira har aka kira Glory a ɗaki na gaba. Ba abin da ya fito.