Jinkar da Abarci Ya Auna

Shekarar da tarin shiƙa ya shiga Dakoro, ana dab da damina, ya kama Lami 'yar Hawwa'u, yarinya mai shekara biyar. Ubanta Sa'adu ya tafi Maraɗi cin rani, yana dakon buhunan gyaɗa, bai ko san abin da ake ciki ba. Ɗakin da ya bar su ciki kuwa, jinkarsa ta ruɓe har mutum na kwance yana ganin shirwa na wucewa.

Lokotoron da ke gidan likita kusa da ofishin kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya duba yarinyar, ya ce wa uwar, "Magani zan ba ta. Amma in ruwa ya jiƙa ta, kada ki dawo ki ce maganina ne bai yi ba."

Maƙwabciyarsu Azumi ce ta ɗauki maganar a ka. Tsohuwa ce mai sayar da fura, mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuma ba wanda bai san shi ba a unguwar. Ɗakinta da na Hawwa'u suna fuskantar juna, danga ɗaya ta kewaye su, da itacen aduwa a tsakani. Ta bi gida gida tana kiran gayya. Wanda ya ce yana da uzuri, sai ta zauna a ƙofarsa ta fara ba shi labarin kakansa, har ya ce zai zo. Aka tara shuci da sanduna da igiya daidai ɗaki ɗaya.

Shugabancin aikin kuwa wani ɗan unguwar, Abarci, ya ba kansa. Ya taɓa yin wata uku yana miƙa wa magina laka lokacin da ake gina gidan kumandan, tun daga nan yake yawo da wata igiya mai ƙulle-ƙulle yana kiranta metir. Mataimakinsa Intalla ne, makiyayi daga Azagor da ya zo sayar da cuku, wanda bai taɓa kwana a ɗakin ƙasa ba, amma ya ce in don yarinya ce yana da hannu biyu.

Ranar aikin da safe, Azumi ta raka Hawwa'u kai Lami wurin allura. Tana fita ta ce wa Abarci, "Ɗakin da ke jikin aduwa, ka ji ko?"

"Inna, je ki abinki. Ni da na yi aikin Nasara?"

Maza goma suka shigo. Abarci ya tsaya gindin aduwa, ya dubi dama, ya dubi hagu, ga ɗakuna biyu duk a jikin aduwa.

Intalla ya nuna na Hawwa'u ya ce, "Ni dai wancan na ga rana na shiga cikinsa."

"Kai da ke kwana ƙarƙashin tantin fata mi ka sani? Wancan ramukan shan iska ne. Wanga shi ne ya karkace, ido na gwani ke gani."

Ya zagaye ɗakin Azumi da metir ɗinsa, yana ƙirge da Faransancin da bai wuce shida ba, in ya kai shida ya koma ɗaya. Sannan ya ba da umarni. Kafin rana ta yi zafi sun yaye jinkar Azumi tas, sun sassare sandunanta, sun ɗaure sabuwa a ƙasa, sun baibaye ta da shucin nan kaf. Aiki ya yi kyau, har ana waƙa.

Ana cikin waƙar Azumi ta shigo, Hawwa'u na bayanta goye da Lami. Tsohuwa ta tsaya. Ga ƙorenta na fura, ga gadonta na kara, ga ma wani tsohon zane da take ɓoyewa, duk a fili rana na dukansu.

"Abarci."

"Na'am, Inna."

"Ni ce ke tari?"

Biyu daga cikin 'yan gayyar suka tuna suna da akuya a daji.

"Inna, abin mai sauƙi ne," in ji Abarci. "Jinkar ba ta hau ba tukuna. Mu yaye wancan mu ɗora ta can. Ke kuwa sai a san dabara."

Azumi ta haɗiye abin da ke bakinta ta ce, "Ku yi na yarinya. Ni da kai za mu gana."

Allah ya so Intalla ya ce a gwada kafin a yaye. Suka ɗaga jinkar su takwas, suka kai ta gefen ɗakin Hawwa'u. Ko makaho ya ga ba za ta yi ba. Ɗakin Hawwa'u ya fi na Azumi faɗi da kusan kamu biyu. Abarci ya rantse metir ba ya ƙarya, ya shiga ƙarƙashin jinkar zai nuna musu inda za ta zauna. Wani ya saki hannu don ya share gumi, na kusa da shi ya zaci an ce a sauke. Jinka ta kife a ƙasa da Abarci a ciki, kamar kaza a akurki. Sai muryarsa kawai ake ji yana cewa a ɗaga ta gefen gabas.

Lami, wadda ta yi kwana goma ba ta ko murmushi, ta fashe da dariya a bayan uwarta, dariyar ta zame mata tari, tarin ya lafa ta koma dariyar.

"Ku bar shi ya ɗan huta a ciki," in ji Azumi. Ta dubi gabas, inda hadari ya fara baƙi, ta dubi yarinyar. "Tunda ɗakina aka auna, a mai da jinkar ɗakina. Hawwa'u, kwashe kayanku ku koma can. Ni zan shiga naku."

"Inna, ruwa zai dake ki."

"Ruwan shekara sittin ya dake ni, ga ni nan."

Aka fito da Abarci da shuci a gemu, aka ɗora jinka kan ɗakin Azumi, ta zauna cif. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da awon, Azumi ta dube shi, ya rufe.

La'asar na yi ruwa ya sauko. Lami na kwance a bushe, Azumi kuwa tana zaune tsakiyar ɗakin Hawwa'u da ƙwarya kife a ka, tana kiran sunan Abarci har na gida na uku na ji.

Washegari Intalla ya hau raƙuminsa ya nufi arewa. Bayan kwana biyar ya dawo da kayan ciyawa da sanduna, tare da 'yan'uwansa biyu. Wannan karon Azumi ce ta auna ɗakin Hawwa'u da tabaryarta, Abarci aka sa ɗebo ruwa daga rijiya.

Lami ta warke kafin gero ya fid da kai. Sa'adu ya dawo ya tarar da sababbin jinkuna biyu a gidan, ya bi unguwa yana godiya. Sai dai yarinyar ta ƙi komawa ɗakin uwarta, ta ce na Inna ya fi ƙanshin fura. Azumi ta yi faɗa kwana biyu, sannan ta sa aka ƙara mata faɗin gado.