Dawar da Sallau Ya Raina

Sallau yana ɗaure tsumma na tara a wuyan dawa sai matarsa Marka ta iso da fura. Tun da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonarsu ta fadama aka ba su wannan tudu a gefen Maradun, abin da ya rage masa na mahaifinsa shi ne irin dawar nan. Bana ya juye ƙwaryar duka a ƙasa, bai bar ko ƙwaya ba.

Al'adarsu ce, zangarniyar da ta riga nuna ita ake yi wa alama a ajiye iri. A fadama hakan bai taɓa ba su kunya ba. Shi ya sa yake ta washe baki, ko wuta-wutar da ta yi fure jajir a gindin karan bai kula ba.

Marka ta kama zangarniya ɗaya ta murza. Tafin hannunta ya yi baƙi ƙirin.

"Malam, burtuntuna ta. Ƙasa wuta-wuta na tsotso, bisa wagga na ci. Ba sauri ta kai ba, wahala ta ishe ta, taf fidda kai tun ba ta yi ƙarfi ba."

Ya bi sauran takwas ɗin yana murzawa. Rabi toka, rabi ƙaiƙayi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da suka kwashe kaya.

"Ta kusurwa fa?" in ji Marka.

Can inda shanun Gidaɗo, makiyayin da ke maƙwabtaka da su, suka kwana da rani, dawar ta yi kore shar amma ta ƙi nuna. Shekaranjiya Sallau ya kira ta ragguwa, ya ce Gidaɗo ya saki shanu su cinye.

Dattijo da furfura, sai ga shi yana gudu yana tsallake kunyoyi, ya nufi kusurwar.

Ya tarar da shanun a ciki, sun tattake kusan komai. A tsakiya kuwa an kewaye kara goma sha wani abu da ƙaya, zangarkunsu cike, ko ɗigon baƙi babu. Gidaɗo yana jingine da sandarsa. Sai da suka gaisa, har gajiya da iyali, sannan ya nuna shingen da haɓa.

"Baba Sallau, na ga kamar ba ka duba su da kyau ba. Nic ce in jira."

Sallau ya yage bakin rawaninsa, ya tsallaka ƙayar a hankali, ya fara ɗaurawa.