Ba A Naɗa Mutum Ɗaya

"Sauke nan, Likita, bari in ɗan sha iska."

Baba Gimba ya saki gefen teburin da suke ɗauke da shi, ya zauna a kan 'yar katangar da ta raba ƙofar gidansu da tamu. Mijina Falalu ya tsaya riƙe da ɗaya gefen yana kallonsa. Dawowata ke nan daga makarantar da nake koyarwa, jakar littattafan yara tana kafaɗata. Motar masu karɓar kayan sadaka tana jira a bakin titi, domin maƙwabtan namu suna rage kaya ne, za su tashi daga unguwarmu ta Handsworth a Birmingham.

"Ɗago idonka in gani, Baba," in ji Falalu.

"Ka fara ke nan. Ba a asibiti muke ba."

"Ɗago dai."

Ya ɗago. Farin idon nasa ya koma rawaya. Falalu ya jingine teburin da bango, ya ce, "Gobe da safe ka kira GP, likitanku na unguwa. In sun ce babu appointment, ka ce likita ne ya ce urgent ne."

Baba Gimba mutumin Kaltungo ne, ya yi aikin tuƙin bas a Birmingham har ya yi ritaya. Matarsa Mama Clara 'yar Zonkwa ce. Hausa ce ta haɗa mu tun ranar da muka tare a layin, da ta ji ina yi wa 'yata faɗa ta taga, ta leƙo ta ce, "A yi mata haƙuri mana." Su 'yan cocin nan ne da mutane ke kira Mormon. Ba sa shan shayi ko kofi, abin da ban sani ba sai da na kai musu fulas cike da shayi mai citta, suka karɓa da godiya, suka yi ta dariya.

Ban da cocin da suke zuwa ranar Lahadi, suna da wani gida na ibada da suke kira haikali, can arewa da Manchester. Ba kowa ke shiga ba, kuma masu hidima a cikinsa ba a biyansu. Shekara da shekaru Mama Clara tana hawa jirgin ƙasa ta je ta yi hidima a can, tana tarbar mata, tana nuna musu inda za su bi, tana kula da fararen tufafin da ake sawa. Ta san wurin kamar ɗakin girkinta.

A wannan shekarar aka canza shugabannin haikalin, kamar yadda suke yi bayan kowace shekara uku. Sabon shugaban ya zaɓi Baba Gimba ya zama ɗaya daga cikin mataimakansa biyu. A tsarinsu, idan aka kira miji, matarsa ce ke zama mataimakiyar matar shugaba wajen kula da ɓangaren mata. Tare ake naɗa su, tare ake sauke su. Za su fara aiki bayan hutun bazara, kuma za su koma zama kusa da wurin.

Ranar da muka ji labari, Falalu ya shiga gidansu ya durƙusa yana jinjina. "Ranka ya daɗe! Ina motar ofis? Ina 'yan rakiya?"

"Motar ofis ita ce bus pass ɗina, katin hawa bas," in ji Baba Gimba. Mama Clara kuwa sai share hawaye take yi da gefen zani tana murmushi.

Sakamakon gwaji bai daɗe ba ya fito. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya bazu.

Wata ranar Asabar na kai musu farfesun kaza. Na tarar da su a ɗakin girki, shi a zaune, ita a tsaye tana goge kofin da ya riga ya bushe. Na ajiye kwanon zan fita, ya ce, "Malama, zauna. Ke kin saba raba faɗan yara."

Na zauna.

"Ki gaya mata," ya ce. "Ni direban bas ne. Me na sani a wancan gidan ban da ƙofar shiga? Ita suke so. Amma ba a naɗa mace ita kaɗai, sai an bi ta kan miji. To ga mijin. In na yi shiru har ranar da za a ɗora mana hannu a kai, an naɗa ta ke nan. Ko wata ɗaya ta yi a kan aikin, ta yi."

"A ɗora hannu a kan ƙarya?" in ji Mama Clara.

"Wace ƙarya? Wa ya tambaye ni?"

"An tambaye ka. Ina zaune kusa da kai shugaban ya ce, are you both in good health? Ka ce yes."

"Lokacin ai lafiyata ƙalau."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba a tambaya ba."

Ta ajiye kofin. "Baban Praise, kai dai ka cika taurin kai. Mutanen nan suna shiri da kai. In ka faɗi a tsakiyar aiki, wa zai riƙe? Ni kuma in tsaya cikin fararen kaya ina yi wa mata murmushi, kai kana flat kai kaɗai kana amai?"

"Sai ki kira su ke, tunda kin fi ni gaskiya."

"Ba zan kira ba. Kai aka kira, kai za ka faɗa."

Ya juyo wurina. "Malama, ba ki ce komai ba."

Na ce masa farfesun zai huce. Ya yi tsaki kaɗan, ya jawo kwanon, ya sha cokali biyu.

Daga nan ya fara abin da ya kira atisaye. Kullum da safe sai ya sa kwat da nektai, ya taka zuwa tashar bas da ke ƙarshen layi, ya dawo. Yana so ya nuna mata, ya kuma nuna wa kansa, cewa ƙafafunsa za su kai shi ranar naɗi. Nakan wuce shi a mota idan zan tafi makaranta, ya ɗaga mini hannu. Da farko yana tafiya a tsakiyar hanya. Daga baya ya koma bin gefen katangun mutane yana dafawa. Kwat ɗin ta fara yi masa yawa a kafaɗa.

Wata safiya na hango shi zaune a kan bencin tashar, bas ta tsaya, direban ya buɗe ƙofa yana yi masa magana, ga alama tsohon abokin aikinsa ne. Ya girgiza kai, bas ɗin ta tafi. Na tsaya a gabansa na sauke gilashi.

"Baba, in mayar da kai gida?"

"Za ki makara."

"Yaran za su jira."

Na kama shi ya shiga. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na tayar da mota, ya dafa hannuna ya ce kada in ja tukuna. Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya daɗe yana kallonta.

"A gida ba zan iya ba," ya ce. "Tana kallona."

Na kashe motar na fita, na tsaya a gaban shagon mai sayar da kayan lambu. Ta gilashi ina ganinsa yana magana, ya miƙe zaune sosai, ya gyara nektai da hannu ɗaya. Maganar ba ta yi tsawo ba. Da na dawo ya ce, "Na faɗa wa shugaban. Mutumin kirki ne. Kuka ya yi." Na ja mota na kai shi ƙofa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya sabon shugaban ya zo da matarsa daga arewa, wasu dattawan Turawa masu sanyin murya. Shi da wani dattijon cocinsu suka ɗiga wa Baba Gimba mai a ka, suka ɗora hannu suka yi masa addu'a. Mama Clara ta dafa musu shinkafa. Ba da jimawa ba aka sanar da waɗanda za su maye gurbinsu, wani mutum da matarsa Delight, mazauna Ardwick a Manchester. Mama Clara da kanta ta faɗa mini ta kan katanga tana shanya. "Yarinya ce mai hankali," ta ce. "Sai dai ba ta daɗe da fara hidima ba."

Ma'aikatan jinya suka kawo gadon asibiti suka kafa a falo, kusa da taga. Ɗansu Praise ya ɗauki hutu ya zo. Falalu kan shiga idan ya dawo daga aiki, ya duba shi, su yi ta gardamar ƙwallo har Baba ya gaji ya rufe ido.

Ranar ƙarshe da na ji muryarsa, na shiga da kunu ne da yamma. Mama Clara tana jiƙa masa leɓe da auduga.

"Maman Praise," ya ce, "na hana ki."

"Ka hana ni me? Buɗe baki."

"Da kin auri mai hanta mai kyau."

"Ai ban duba hanta ba lokacin. Hular direba na gani, na ruɗe."

Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya tsare shi. Ta ɗaga masa kai har ya lafa.

Ya rasu da hantsi, ranar Talata, ina makaranta. A makon ne sababbin shugabannin haikalin suka kama aiki. Maza uku daga cocinsu suka je wurin masu ajiye gawa suka sa masa fararen kaya, kamar yadda suke yi wa nasu. Da Falalu ya dawo daga jana'iza ya ce mini, "Fari tas, tun daga sama har ƙasa. Kusan irin namu."

Bayan an binne shi gidan ya cika. 'Yan coci, tsofaffin direbobi, mutanen Kaltungo daga Coventry da Leeds, da mu 'yan layi. Takalma suka taru a bakin ƙofa har waje. Ina ɗakin girki ina zuba abinci sai wayar Mama Clara ta yi ƙara. Ta duba sunan, ta ratsa mutane ta fita zuwa matakalar bene, ta zauna a kan ta uku. Na bi ta da faranti, domin tun safe ba ta ci komai ba.

Delight ce. Ta kira ne ta yi ta'aziyya, ta ba da haƙurin rashin zuwa, aiki ya riƙe ta. Daga inda nake tsaye ina jin muryarta. Mama Clara ta saurara, ta yi godiya, sannan ta ce da Turanci, "To yaya aikin? Faɗa mini gaskiya."

Ta daɗe tana sauraro.

"A'a, kada ki damu, kowa haka yake a makon farko. Ji nan. Ranar Alhamis wasu tsofaffin mata suna zuwa daga Wales a mota ɗaya. Mai sanda a cikinsu ba ta ji da kunnen hagu, ki tsaya ta damanta. Kada ki kama mata hannu, ba ta so, ki dai yi tafiya a hankali kusa da ita. Amarya kuma in ta zo ɗaurin aure jikinta na rawa, ki zaunar da ita ki ba ta ruwa kafin ki taɓa rigar. Uwar amarya ce za ta fi ba ki wahala, ki samo mata abin riƙewa."

Wani ya leƙo daga falo yana cewa baƙin Leeds za su tafi, suna son su yi sallama. Na miƙa mata farantin. Ta ɗaga mini hannu alamar in ɗan jira, ta cire ɗankwalin da ya zame mata, ta ɗora a cinya, ta mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Ina jin ki," ta ce. "Sai kuma me?"