Ranar da Na Goya Dogo a Keke

Da na bar aikin soja na dawo birni, abin da ya fara gagara ta shi ne shiga motar haya. Da an rufe ƙofa, an matse ni a tsakanin mutane, sai gumi ya karyo mini, ƙirjina ya kama bugawa. Maiɗakina ta lura. Ƙaninta kawai ta sa ya kawo mini tsohon kekensa, mai kariyar ɗaukar kaya a baya da ƙararrawar da sai an roƙe ta take kuka. A kansa nake zuwa gadin wani ɗakin ajiyar kaya, a kansa kuma na sake koyon garin: layin masu walda, gangaren bayan asibiti, lungunan da ke kauce wa shataletale.

Wata ranar hutu na taka har ɗaya gefen garin don in duba Dogo. Bataliyarmu ɗaya da shi, kuma shi ne mai ba da waƙa idan muna gudun safe, har ranar da motarsu ta taka nakiya ya rasa ƙafar hagu daga gwiwa.

Matarsa ce ta tare ni a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Kofur, abokinka ya ƙi fita ko nan da tsakar gida. Ka ga sumarsa kuwa? Na yi magana har na gaji."

Na tarar da shi a kwance, labule a sake, rediyo na ta surutu shi kaɗai, sandunansa biyu a jingine bayan ƙofa sun yi ƙura.

Na ce, "Tashi, aski za mu je."

"A me? Ka sayi mota ne?"

"Jirgi na saya. Yana waje."

Ya leƙa ta taga, ya ja tsaki. "Ni za ka goya kamar buhu, gari na kallona?"

"Garin nan ba shi da lokacinka, Dogo. Kowa ta kansa yake yi."

Mun daɗe muna ja kafin ya miƙo hannu. Matarsa ta naɗe tsumma a kan kariyar, muka ɗaure sandunan a jikin keken, ya hau yana gunaguni. Nauyinsa ya ba ni tsoro, don rabin Dogon da na sani ne.

Da farko damƙe mini riga ya yi. Da muka biyo gangare iska ta buge shi, sai na ji ya saki. Har ya fara gyara mini tuƙi. "Hagu, Kofur, hagu! Wa ya koya maka keke ne?"

Muna shiga cunkoson bakin kasuwa tayar wata babbar mota ta fashe dab da mu. Ban san yadda aka yi ba. Na dai ji an daka tsawa, "Kwanta!" sai ga mu cikin kwata, keke a gefe yana juya taya, Dogo a kaina ya rufe mini kai da hannuwansa biyu.

Masu babur suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, taya ce fa!"

Wani dattijon tela ne ya baro kekensa na ɗinki ya fito. Bai yi dariya ba, bai kuma tambaye mu komai ba. Ya kama Dogo ya zaunar a bencinsa, ya kawo buta. "Ku wanke, bayin Allah. Ba gaggawa."

Dogo ya dube ni, baƙin ruwa na ɗiga daga gemuna. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabona da ji tun muna bariki. Daga baya ta koma kukan, muka bar shi ya yi abinsa, tela ya koma kan ɗinkinsa kamar bai gani ba.

Da ya natsu na ce, "Mu koma gida?"

Ya share fuska da bayan hannu. "Da wannan sumar? Bayan duk wannan wahalar?"

Sarƙar keken ta zube, kansa ya karkace, na mayar da ita, na matse tayar gaba a tsakanin cinyoyina na miƙe shi. Mai aski ya toshe hanci, amma ya yi aikinsa tsaf.

Da la'asar muka dawo. Matarsa ta dubi kan da ke sheƙi, ta dubi kayanmu, ta riƙe haɓa.

"Aski na ce, ba yasar kwata ba."

"Direban ne bai ƙware ba," in ji Dogo. Ya kwance sandunansa da kansa, ya dogara ya nufi ƙofa. Sai ya tsaya, ya waiwayo. "Asabar ka zo da wuri. An ce an yi sabuwar gada, ina so in gan ta da idona."