Babur Marar Inji

Duk unguwar Gwange babu wanda ya kai Ya'akubu sanin babur, kuma rabonsa da hawa babur shekara goma sha huɗu ke nan. Tun da aka hana tuƙa shi a cikin Maiduguri ya ajiye acaɓa ya koma gyaran janareta, amma hannunsa kawai ya koma, zuciyar tana can. Duk sabon samfurin da za a fito da shi a waya yake fara ganinsa, ya haddace shi tsaf, ya zo gindin darbejiyar bakin shagonsa ya ishi mutane da bayani. Obadiah, tsohon abokin acaɓarsa da yanzu ke jan keke napep, shi ya laƙaba masa suna Direban Waya.

Wata Laraba sai ga 'yarsa Raudatu ta shigo gida da takarda. Ta gama karatun aikin gona, wani kamfanin iri da taki a Gombe ya ɗauke ta malamar gona, za ta riƙa zagaya ƙauyuka. Kowane ma'aikaci za a ba shi babur. An ma turo hotunan sababbin samfuri uku da za su iso ƙarshen wata, kowa ya zaɓi ɗaya.

Ya'akubu ya karɓi takardar. Ko albashin bai duba ba.

"Hassana! Hassana, fito ki gani!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Babur zai shigo zuri'armu!"

Kwana uku mutumin nan bai gyara janareta ko ɗaya ba. Ya baje takardar a kan benci, jama'a suka kewaye shi. Akwai babba ja, akwai baƙi matsakaici, sai wani ɗan shuɗi roba-roba da ko kallon kirki bai yi masa ba.

"Ku dubi jan nan," in ji shi, yana buga hoton da yatsa. "Ba shi da kabireta, da kansa yake auna man da zai sha. Birkin gaba na faifai ne. Tayar ba tub, ƙusa ta shiga ka kai gida kafin ka sani. Ga wurin cajin waya a gefen agogo. Wallahi da a zamaninmu ne, da sai na ɗauko fasinja daga Khaddamari na dawo ban ji bayana ba."

"To baƙin fa?" Obadiah ya tambaya, don dai ya tunzura shi.

"Baƙin ba laifi, kayan gyaransa sun fi araha. Amma in ana maganar abin da ya ci kuɗinsa, ja ne. Shekara goma zai yi ba a buɗe injinsa ba."

"Ɗan shuɗin fa?"

"Wannan na zuwa cefane ne."

Aka kwashe da dariya. Duk wannan bidiri da ake yi, mai babur ɗin ko leƙo wajen ba ta yi ba, shi kuwa uban murna ta rufe masa ido bai lura ba.

Ranar Asabar da safe ya zauna zai cike takardar zaɓi, ya ɗora biro a kan akwatin jan, sai Raudatu ta durƙusa a gefensa.

"Baba, ban iya tuƙa babur ba."

Ya ɗago. "Me kika ce?"

"A ina zan koya? Shekarata goma aka hana. Rabona da babur tun kana ɗora ni a kan tanki kana kai ni firamare. A wajen ganawar ɗaukar aiki sun tambaye ni ko na iya. Na tuna ni 'yar wa ce, kunya ta kama ni, na ce na iya. Ranar da babura suka iso za a gwada kowa. Wanda ya kasa, wani za a ba gurbinsa."

Da farko ransa ya ɓaci, har ya buɗe baki zai yi mata faɗa kan ƙaryar da ta yi. Sai kunya ta danne faɗan. Shekara goma sha huɗu yana koya wa duk wanda ya zauna a bencinsa babur da baki, 'yar cikinsa kuwa ko kan babur ba ta taɓa riƙewa ba. Saura kwana goma sha biyu.

Ya tashi ya buɗe ɗakin shirgi. Tsohon babur ɗinsa na nan a jingine, injin kam tuni ya sayar wa wani manomin Zabarmari. Saura gangar jiki, taya biyu da birki. Kafin azahar ya wanke shi, ya sa wa tayoyin iska, ya gyara birkin, ya ɗaura wa totur roba yadda in an murɗa zai koma da kansa.

Obadiah ya zo ya tsaya yana kallo. "Direban Waya, wannan gawar fa? Ina inji?"

Ya'akubu ya bugi ƙirji. "Ga shi nan."

Akwai wani fili mai katanga inda masu keke napep ke ajiye kekunansu, da rana wayam yake. Can suka kai gangar jikin a lulluɓe da tabarma. Raudatu ta taɓa hawa keke tana ƙarama, wannan ya taimaka. Ta hau, uban ya kama ƙarfen baya.

"Ki ji da kyau. In kika murɗa totur, zan ƙara gudu. In kika saki, zan rage. In kika murɗa da ƙarfi lokaci guda, zan fizge ki, don haka na gaske zai yi miki."

Ta murɗa da ƙarfi. Ya fizge ta. Su biyu da babur ɗin suka zube a cikin yashi.

Haka aka yi ta yi kullum da sanyin safiya. Dattijo mai furfura yana tura babur a guje, yana kukan inji da baki, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. In numfashinsa ya ƙare Obadiah ya karɓa, yana cewa shi inji ne mai shan shayi. Hassana ta riƙa zuwa da ruwan sanyi tana yi musu tsiya. Rana ta biyar Raudatu ta zagaya filin ba ta sauke ƙafa ba, masu keken da ba su fita ba suka hau tafi da hon.

A ranar ne kuma ya lura da wani abu. Duk sanda ta tsaya, da ƙyar yatsun ƙafarta ke taɓa ƙasa. Ya aro tef ɗin awo wajen Margaret mai ɗinki, ya auna tsayin kujerar tsohon babur ɗinsa, ya duba takarda. Jan ya ɗara shi tsayi, ga nauyi, ga kuloci. Ɗan shuɗin kuwa gajere ne, ba kuloci, ana tada shi da maɓalli, kuma ya fi duka rashin shan mai.

Ya daɗe yana kallon jan. Sannan ya sa biro a akwatin shuɗin.

"Na cefanen?" in ji Obadiah.

"Rufe mini baki. Ƙafarta ce za ta taka ƙasa, ba tawa ba."

Da ranar gwaji ta zo, shi da Raudatu suka shiga mota zuwa Gombe. A harabar kamfanin babura na jere cikin leda, suna walƙiya. Ya'akubu ya tsaya gaban jan, ya shafa tankin sau ɗaya, ya ja da baya.

Aka kira sunanta. Ta sa hular kwano, ta hau shuɗin, ƙafafunta biyu suka zauna daram a ƙasa. Ta danna maɓalli, injin ya tashi. Ta taka giya, babur ya ɗan zabura, Ya'akubu ya ji hannuwansa sun miƙe da kansu za su kama ƙarfen baya. Sai ta saki totur, ta sake murɗawa a hankali, yadda ya koya mata. Ta bi tsakanin tayoyin da aka jera, ta yi kwana, ta dawo ta tsaya cak a kan layi. Mai gwajin ya gyaɗa kai ya miƙa mata takardun babur ɗin.

Ya'akubu ya manta a bainar jama'a yake, ya daka tsalle yana ihu.

Raudatu ta tuƙo har gabansa, ta ja jiki baya ta bar masa kan babur ɗin. "Baba, ga shi. Ka ɗana."

Ya dubi totur ɗin, abin da ya yi shekara goma sha huɗu yana mafarkin murɗawa. Ya goge ido da hannun riga. Sai ya zagaya, ya tattare babbar rigarsa, ya hau baya.

"Matsa gaba," ya ce. "Ni na yi turina. Yau ke za ki ɗauke ni."