Awon Riguna Tara

Shekara goma sha ɗaya nake ɗinka wa makarantar kuɗi ta Mista Wafubwa kayan ɗalibai. Duk yaron da ya shiga ƙofar makarantar nan a garin Kimilili sai ya bi ta ƙarƙashin tef ɗin awona. 'Yata Naliaka ma can take, ajin ƙarshe na firamare. Ni da kaina na ɗora wa raina, don kada a ce 'yar tela ta ƙare a makarantar gwamnati, inda ake cusa yara saba'in a aji.

Wata Talata ana saura wata biyu jarrabawar fita, Wafubwa ya tsayar da motarsa a bakin shagona, ya sauke bandir ɗin yadi kore. Na san makarantarsa ja take sawa. Kore na makarantar gwamnati ne, ta bayan kasuwa.

"Mama Naliaka, riguna tara nake so. Ga awo nan. Aikin taimako ne, kin san mu da tausayin talakawa."

Tausayi! Mutumin da ko maɓalli ya faɗi a shagona sai ya duƙa ya ɗauka. Na dai karɓi takardar. Ba suna ko ɗaya a ciki, lamba ce da awo kawai.

Na fara zana yadi da alli, ina zuwa ta shida hannuna ya tsaya. Kafaɗa sha uku, ƙugu ashirin da biyu, hannu dogo ya wuce kima. A garin nan kaf yarinya ɗaya ce mai wannan dogon hannun a siririn jiki, kuma ni na haife ta. Na koma kan sauran ɗaya bayan ɗaya. Ga gajeren ɗan Mama Khisa mai sayar da kifi, ga tagwayen direban asibiti. Duk na gane su, kuma duk su ne ake karanta sunansu a ƙarshe ranar raba sakamako.

Nan na fahimci yadda aka yi allon ƙofarsa kullum yake cewa ɗalibansa sun ci jarrabawa gaba ɗayansu. Waɗanda yake tsoron za su faɗi, sai ya rubuta su a ɓoye da sunan makarantar gwamnati, ya sa musu kore satin jarrabawa. In sun faɗi, can suka faɗi. Raina ya ɓaci.

Da Naliaka ta dawo, ta ga yadin, sai ta sunkuyar da kai. Ashe ta sani. An hana su faɗa a gida.

"Mama, ni daƙiƙiya ce ko?"

"Uban wa ya ce?"

"Tun watan Maris aka mai da mu tara bayan aji. Ko hannu muka ɗaga ba a kiranmu."

Ban yi kuka a gabanta ba, sai da na shiga bayan labule. Bayan nan na hau keken ɗinki na ɗinka rigunan nan tara, ɗinkin da ban taɓa yi wa jajayen ba. Amma ban kai su ofishinsa ba. Ranar Asabar na bi iyayen gida gida, kowa na miƙa masa ta ɗansa, na faɗa masa abin da ake ciki.

Kafin la'asar Wafubwa ya iso yana huci.

"Kin haukace ne? Daga yau ko tsumma ba za ki ƙara ɗinka mini ba!"

"Ranka ya daɗe, ai ba ka ce a ɓoye ba. Ka ce taimako ne, na taya ka rabawa."

"Kai 'yar taki can ɗin ki gani! Ko tagar kirki ba su da ita."

"Su da ba su da taga ka ga sun dace su ɗauki kayanka. Kai mai taga shekara takwas me ka koya mata?"

Ya buga ƙofar mota ya tafi.

Litinin da safe muka ratsa kasuwa, Naliaka cikin kore. Iyaye huɗu ne suka biyo mu, sauran suka ce ba za su iya da surutun mutane ba. Shugabar makarantar, Malama Nekoye, ta dube mu ta saman tabarau.

"Yau kuma ba a mota aka kawo su ba?"

"Malama, me ya sa kike karɓar masa?"

"In na ƙi, hana su zama jarrabawar zai yi gaba ɗaya. Shekara biyar ana zubo mini yaran da ban taɓa koya wa harafi ba, sannan a ce ba mu iya koyarwa ba. Ku ma kuna cikin masu faɗa."

Gaskiya ta faɗa, kunya ta kama ni. Na ce wata biyu ya rage, ko za a iya wani abu?

"Ban yi miki alkawarin ta ɗaya ba. Amma a nan in ta ɗaga hannu za a kira ta."

Ta kai su aji da kanta. Yara suka matsa, benci mai cin uku ya ɗauki huɗu. Ina tsaye a bakin ƙofa ta buɗe rajista, ta ce wa ajin akwai sunayen da suke cikin littafin nan tun Maris ba mai amsawa.

"Naliaka Barasa."

"Ga ni, Malama!"

Ta amsa da ƙarfi, har 'yan ajin da ke kusa sai da suka leƙo.