Saura Biyar a Fim

A daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kowa a Barnawa ba shi da zance sai siyasa, ban da Baba Ayuba. Shi abin da ya dame shi wata cilakowa ce.

Matarsa Rebecca ta yi wata biyu a gadon asibiti, ciwon ƙoda ya cinye ta har zobe ya daina zama a yatsanta. Ita ce mai lambun bayan gida, gwanda uku da gwaiba ɗaya, sai wani tsohon kasko da take zuba wa tsuntsaye tsaki. Shekara da shekaru Ayuba yana mata tsiya, wai tana ciyar da baƙin da ko gaisuwa ba su iya ba. Yanzu kuwa in ya je dubiya, kafin ta tambayi 'ya'yanta sai ta tambayi cilakowar da ta saba sauka a kan gwandarta.

"Baban Comfort, tana zuwa kuwa?"

"Kullum tana zuwa."

"Faɗa kawai kake don hankalina ya kwanta. Ni dai in gan ta da idona."

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya tafi Kakuri wurin Obiora, mai ɗaukar hoton biki, ya aro tsohuwar kyamara. Obiora ya sa masa fim mai hoto talatin da shida, ya nuna masa inda ake leƙawa da inda ake dannawa.

Tsoho ya dasa kujera a bakin ƙofar kicin, kullum da sassafe, kyamara a hannu. Kurciyoyi suka zo, ya danna. Hazbiya ta zo, kafin ya saita ta yi gaba. A rana ta huɗu sai ga cilakowa ta sauka da dogon bakinta, ta karkata kai tana masa kallon raini. Ya riƙe numfashi ya danna. Hoto na tara ke nan.

To a nan ne Ayuba ya yi halin nasa. Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa, kuma a can ba a sauke yadi daga inji sai ya cika. Haka ya ɗauki fim. Ba shi kaɗai ba ma, a unguwar fim ɗin Kirsimeti kan kai Ista kafin a wanke shi. Kuma ba zai ɓata sauran a kan bango ba, so yake kowane hoto ya zama tsuntsu, ya kai mata lambun gaba ɗaya.

"Na kama ta," ya ce wa Rebecca, yana fara'a.

"To ina take?"

"Sai fim ya ƙare. Saura kaɗan."

Ta lumshe ido. "Kai da rashin gaggawarka."

Aka yi kwana uku ana ruwa, tsuntsaye suka ɗauke ƙafa. Ranar wata Asabar yana zaune, ya kai hoto na talatin da ɗaya, 'yarsa Comfort ta shigo rungume da bargon uwarta da filas ɗin shayi. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane. Ya ajiye kyamarar a ƙasa a hankali, ya rufe fuska.

Bayan jana'iza da mako guda ya mayar da kayan aro. Obiora ya yi masa gaisuwa, sannan ya duba lambar da ke ƙirga hotuna a jikin kyamarar.

"Baba, ai saura biyar."

"Na sani. Shi ya sa ban kawo ba tun tana da rai."

"Ah ah, Baba! Ko ɗaya ka ɗauka, sai in naɗe shi a wanke. Awa ɗaya ne fa."

"Awa ɗaya?"

Obiora ya dubi fuskar tsohon, ya yi da-na-sanin magana. Ya jawo masa benci, ya ce bari ya kai fim ɗin wanki yanzu yanzu, kafin ya sha ruwa an gama.

Ayuba bai zauna ba.

"Bar shi, ɗana," ya ce. "Wa zan nuna wa?"